Neman shawara kan bizar yawon buɗe ido, ejan ya ce in kawo miliyan uku

Ɗan_Tudun_Wada:
Assalamu alaikum jama'a, da fatan an wuni lafiya. Dan Allah masu fita waje ku ba ni shawara kafin in yi aikin da na sani. Ina da ɗan shagon kayan waya a PZ nan Zariya, kuma tun kafin aure na yi wa madam alkawarin in ta gama karatunta a jami'ar ABU reshen Kongo zan fita da ita ko na sati ɗaya ne ta ga duniya, to ga shi ta gama, kullum sai an tuna min, ita kuma Faransa ta ƙwallafa wa rai wai sai ta ɗau hoto a gindin dogon ƙarfen nan na Faris.

Wani ejan da abokina ya haɗa mu ya ce miliyan ɗaya da rabi kowannenmu banda tikiti, wai kuma biza kamar a aljihu don yana da mutum a ciki. Da na ce masa kuɗi ba sa kwana a akawun ɗina saboda jari ne yana juyawa sai ya ce ba damuwa, zai zuba min miliyan goma ta kwana uku a ciro sitatimen ya kwashe abinsa. Gaskiya abin bai kwanta min ba. Nawa ne ainihin kuɗin bizar, me da me suke nema, sannan da gaske ne wasu ƙasashen bayan biza sai ka sake biyan kuɗin shiga? Fasfona ma ya mutu tun bara, ita kuma ba ta taɓa yi ba.

Malam_Samaru:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa ka gode wa Allah da ka tambaya kafin ka tura kuɗin. Ni sau uku taron ilimi yana kai ni Turai kuma duk da hannuna na cike takardun, ban taɓa ba wani ejan ko sisi ba.

Bizar da ake shiga Faransa da ita sunanta Shengen, ƙasashe 29 ne suka haɗu a kanta, kuma ba ta ba ka damar wuce kwana 90 a cikin kwana 180. Kuɗinta yuro 90 ne ga babba, tun watan Yunin 2024 da suka ɗaga daga 80, yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 kuma yuro 45. Sai ladan kamfanin da ke karɓar takardu da ɗaukar hoton yatsu, irin su TLScontact ko VFS Global ya danganta da ƙasar, sai kuɗin motarka zuwa Abuja. Sai inshorar lafiya, wadda dole ta iya ɗaukar nauyin magani har na yuro 30,000, kar ka firgita ba kai za ka biya dubu talatin ɗin ba, na sati ɗaya ɗan kuɗi ne kaɗan. Je wurin 'yan canji ka tambayi yuro nawa ne yau ka buga lissafi da kanka ka ga ko ya kama ƙafar miliyan ɗaya da rabi.

Ingila ba ta cikin Shengen, tata daban ce, ta wata shida ta koma fam 127 a Afrilun 2025. Amurka dala 185 ga intabiyu ido da ido, kuma a Yulin 2025 suka rage wa 'yan Najeriya ita zuwa wata uku shiga ɗaya, ni dai a yanzu ba zan ce ka kalli can ba ma.

Takardu kuwa, fasfo mai sauran rai aƙalla wata uku bayan ranar dawowarka da shafi biyu da ba a buga komai ba, hoto, bukin na jirgi zuwa da dawowa, bukin na otal, sitatimen na watannin baya, takardar rajistar shagonka ta CAC, shaidar aure tunda kai za ka ɗauki nauyinta. Amma ka gane wani abu, wanda ke duba fayil ɗinka tambaya ɗaya ce a kansa, shin wannan bawan Allah zai koma gida ko zai ɓace mana? Duk tarin takardun nan amsar wannan tambayar ce. Shago mai rajista, kuɗi na shiga suna fita kullum ko da ba su da yawa, haya, iyali, su ne ke magana. Kuma in sun hana ka ba sa maido ko yuro ɗaya, kuɗin duba takarda ka biya ba kuɗin biza ba.

Maganar yana da mutum a ciki, tatsuniya ce. In ka samu ya ce aikinsa ne, in ka rasa ya ce Allah bai nufa ba, ko ta ina shi ya ci.

Fara da fasfo tukuna. Daga Satumbar 2025 mai shafi 32 na shekara 5 naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara 10 kuma 200,000, a shafin hukumar shige da fice ake biya. Ka tabbata sunan madam da ranar haihuwarta a NIN sun dace da sauran takardunta, nan ne mata da yawa ke maƙalewa, wata ta sa sunan miji a wuri ɗaya sunan uba a wani.

Maman_Ilham:
Ƙanena ka saurari Malam, amma bari in ƙara maka nawa a matsayina na wadda ta shekara tana jan jaka a filin jirgin Malam Aminu Kano. Sabon fasfo fil ko hatimi ɗaya babu, mata da miji matasa, ba ku taɓa ƙetare ko Maraɗi ba, kawai sai Faransa? Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku fara da inda ba a neman biza ku tara hatimi, shi ma shaida ne cewa kuna fita kuna dawowa.

Ƙasashen ECOWAS irin su Gana, Benin, Togo, Sanagal kwana 90 kake da shi ba biza. Ruwanda ta buɗe wa duk ɗan Afirka ƙofa, Kigali kuwa tsaf kamar an wanke, ko leda ba a yarda ka shiga da ita ba. Kenya a farkon 2024 ta kawo wata takardar izini ta intanet ta dala 30, daga baya a 2025 ta ɗauke wa yawancin 'yan Afirka. Maldibs a filin jirgi suke buga maka kwana 30 kyauta in kana da otal da tikitin dawowa, sai dai tsadar wurin ba a magana.

Zancen kuɗin shiga kuma gaskiya ne, kuma shi ne ke kunyata mutum don ba ya cikin lissafinsa. Dubai kowane otal akwai harajin baƙi da ake cajin ɗaki duk dare, daga dirhami 7 zuwa 20 gwargwadon darajar otal ɗin, ranar farko da aka ce in biya har musu na tsaya yi da yaron kanta ina cewa ai na biya komai tun daga gida. Zanzibar tun Oktoban 2024 dole ka sayi inshorarsu ta dala 44 ko da kana da wata, ga shi bizar Tanzaniya ta ɗan Najeriya sai an nema tun daga gida an jira amincewa, ba a ba mu a filin jirgi. Garin Benis na Italiya, wanda ake yawo a kwalekwale, a 2024 suka fara karɓar yuro 5 a hannun masu shiga wuni ɗaya a ranakun cunkoso. Ban da kuɗin ƙofar wuraren kallo, wanda sau da yawa na baƙo ya fi na ɗan ƙasa.

Sannan dan girman Allah kar ku manta katin allurar shawara, yalo kad. Ku je ku yi allurar da gaske a ba ku na gaske, sau ɗaya ne a rayuwa, kuma sai ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki. Na ga wadda aka tsare a filin jirgi saboda na bogi da ta saya a hannun 'yan bakin ƙofa.

Bazazzagen_Asali:
Hhhh Faransa manya. Oga ka ɗauki madam ku hau dutsen Kufena ta ɗau hoto, in ta ce bai isa ba ku wuce madatsar ruwan jami'a da yamma, biza kyauta kuɗin shiga kuɗin keke napep. Ragowar miliyan ukun ka ƙara jari.

Abban_Kwangila:
Ni abin da ejan ɗin nan ya ce zai maka shi aka yi min, don haka ba labari aka ba ni ba. Ingila na nema, aka zuba min kuɗi ana saura kwana biyar a ciro sitatimen, akawun ɗin da bai taɓa riƙe dubu ɗari biyar ba sai ga miliyoyi rana ɗaya. A takardar da suka maido min ƙarara suka rubuta ranar da kuɗin suka shiga da adadinsu, suka ce ban nuna inda suka fito ba kuma ba su gamsu nawa ne ba. Kuɗin biza ya tafi, na ejan ya tafi, ya daina ɗaga wayata, kuma yanzu duk fom ɗin da zan cike akwai inda ake tambaya an taɓa hana ka biza, dole in ce eh. Ni ma na auna arziki ne, don da takardar jabu ya haɗa min, Ingila haramcin shekara 10 take yi wa mutum.

Wani abu kuma da ba wanda ya faɗa, yada zango. Ɗan Najeriya ko canjin jirgi kawai zai yi a filin jirgin ƙasar Shengen ba tare da ya fita gari ba, galibi sai da bizar yada zango, haka ma Landan. Kar ka ga tikiti mai araha ka yi wuf ka saya, duba ta ina zai bi. Ta Adis Ababa ya fi sauƙi, kuma jirgin Habasha yana tashi daga Kano, ba sai ka sha hanyar Abuja ba.

Ɗan_Tudun_Wada:
Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, Abban Kwangila Allah ya mayar maka da ninkinsa. Ejan dai na ce masa sai na neme shi. Na nuna wa madam hotunan Kigali ta ɗan sauko amma ta ce bashin Faransa na nan. Hajiya wata tambaya, mahaifiyata da ta ji zancen ta ce in dai fita za a yi ita Umara take so, to in mun samu bizar Umara za mu iya zama har aikin Hajji?

Maman_Ilham:
A'a ƙanena kar ka soma. Bizar Umara ba a Hajji da ita, kuma kafin lokacin aikin Saudiyya na sa ranar da duk mai ita zai fice, wanda ya maƙale ya zama tikari, in an kama shi ga tara ga tarhil, wato a tiso ƙeyarsa gida, ga hana shi komawa na shekaru. Ka nemi kamfanin da ke da lasisin NAHCON, wato hukumar alhazai ta ƙasa, ka ga lasisin da idonka, sannan a yi wa Hajiya allurar sanƙarau da wuri. Amma fa fasfo uku ke nan yanzu, sai ka fara da dubu ɗari uku.