Wai mu ne baƙi a gonar da kakanmu ya sara?

Ɗan Malam: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau raina a ɓace yake, shi ya sa na kawo kukana nan. Jiya a ƙofar jauro, gaban dattawa, wani yaro da bai kai ƙanena ba ya dubi Baffana mai shekara 74 ya ce masa, "Ku ai baƙi ne, aro aka ba ku." Wallahi Baffa bai ci abincin dare ba. Gonar nan da ke wani ƙauye kusa da Bajoga kakan babana ne ya sare ta da gatarinsa. Daga ƙasar Kano ya taso a 1903, ya yi hijira bayan Sarkin Musulmi Attahiru lokacin da Nasara suka ci Sakkwato. Da shi aka yi yaƙin Bormi, Allah ya yi da sauran kwanansa, ya fita da harbi a cinya. Jama'a suka wuce gabas, shi ƙafa ta hana. Ya zauna ya sari daji, ya haƙa rijiya, da ya rasu aka binne shi a gindin tsamiyar da ke cikin gonar. Yau sama da shekara 120 ke nan. Ba wanda ya taɓa ɗaga mana yatsa sai yanzu da gari ya matso, masu yanka fuloti suka fara zagaye. Ku gaya mini, shekara nawa mutum zai yi a wuri kafin a daina ce masa baƙo?

Addar Kumo: Innalillahi. Allah ya huci zuciyar Baffa. Yaron da zai kalli furfura ya faɗi haka, daga gida aka koya masa.

Hamman Dukku: Ɗan Malam, cin mutuncin dattijo ba daidai ba ne, wannan kam babu ja. Amma kalmar nan "hijira" a bi ta a hankali. Duk Bakanon da ka tambaya a ƙasar Gombe sai ya ce kakansa Attahiru ya biyo. Da a ce duk waɗanda ake cewa sun yi yaƙin Bormi sun yi shi, da Turawa ba su kai labari gida ba. Mafi yawansu cin rani ne ya kawo su, suka ga ƙasa ta karɓi dawa, suka share wuri.

Ɗan Malam: Hamma, cin rani? Takobinsa na nan rataye a ɗakin Baffa. Ɗan cin rani da takobi yake yawo?

Hamman Dukku: Takobi ai a kasuwa ma ana sayarwa.

Bakanon Tudun Wada: "Duk Bakano" fa ka ce, Hamma. Ka ƙirga mu ne? Wannan shi ne irin abin da yaron can ya yi, bambancin kawai kai ka sa masa riga. Da za a cire hannun Kanawa daga kasuwar hatsi ta Tudun Hatsi da sai ka ga inda garin zai tsaya.

Hamman Dukku: Ni ban zagi kowa ba. Cin rani abin kunya ne? Neman halal ne. Abin da na ƙi shi ne a ɗauki neman abinci a kira shi hijira.

Malamin Tarihi: Ku ɗan saurara. Turawa sun shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris. Attahiru ya fito ya yi gabas da niyyar Makka, kuma a hanya talakawa suka riƙa barin gonakinsu suna binsa, har abin ya tayar wa Turawa hankali. A Bormi sau biyu aka gwabza. A watan Mayu mutanen garin suka kori Turawa. Ranar 27 ga Yuli suka dawo da shiri, Attahiru ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutane, su ma Turawa suka rasa jagoransu, Manjo Marsh. Aka rushe garin. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja waɗanda suka rage har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin Nilu har yau. Ba kowa ne ya iya wannan tafiya ba, saboda haka labarin Ɗan Malam ba abin da ba zai yiwu ba ne. Sai dai ita ma maganar Hamma tana da ƙafa. Bayan Bormi an yi yunwar 1914, wadda ake kira Kakalaba, ta koro mutane daga arewa. A 1919 aka dawo da hedikwatar ƙasar Gombe daga Nafada zuwa Doma, wato Gomben yanzu, fatake da masu sana'a suka biyo. Sannan auduga da gyaɗa suka jawo manoma a shekarun 1950, jirgin ƙasa ya iso a 1963. Kowane gida da ayarin da ya zo da shi.

Ɗan Ashaka: Malam, Burmi ne ko Bormi? A littafin makaranta Burmi muka gani.

Addar Kumo: Bormi ne, kakata ma haka take faɗa.

Ɗan Ashaka: Kakarki ce ta rubuta tarihi, Adda?

Addar Kumo: Ba ta rubuta ba, amma ta fi Baturen da ya rubuta iya kiran sunan garin.

Malam Mai Almajirai: Jama'a, hijira ba kalmar wasa ba ce. Hadisin niyya da kowane ɗan islamiyya ya haddace ya raba gardamar nan: wanda hijirarsa ta kasance don Allah da Manzonsa, to tana nan a haka, wanda kuwa ya yi don duniya ko don matar da zai aura, hijirarsa tana ga abin da ya yi ta dominsa. Shehu ya bar Degel zuwa Gudu a 1804 don addini. Waɗanda suka bi Attahiru sun ƙi zama ƙarƙashin Nasara ne. Wanda ya gudu don haraji ya yi masa nauyi, wannan ƙaura ya yi. To waye cikinku ya tsaga zuciyar mutumin da ya rasu tun ba a haifi iyayenku ba?

Hamman Dukku: Madalla, Malam. Ka ga abin da nake faɗa ke nan, ƙaura.

Bakanon Tudun Wada: Ba haka Malam ya ce ba! Cewa ya yi ba ka san zuciyarsa ba.

Jikan Bolawa: Ina ta kallonku tun ɗazu. Hamma, kai da kake tantance wanda ya zo da takobi da wanda ya zo da jaki, kai da me ka zo? Kafin Modibbo Buba Yero ya karɓo tuta wajen Shehu ya kafa Gombe Abba, su wa aka tarar a bakin Gongola? Bolawa da Terawa. Jukunawa na Pindiga. In za a buɗe littafin baƙunta a buɗe shi tun daga shafin farko.

Hamman Dukku: A'a, kada ka taɓa Modibbo. Jihadi daban, cin rani daban.

Jikan Bolawa: Ban taɓa shi ba, Allah ya ƙara masa rahama. Lissafi na yi. Shi kansa birnin Gombe da kuke taƙama da shi, a 1919 ya zama hedikwata, jiha kuma sai 1996. Unguwar Bolari sunan wa take ɗauke da shi?

Ɗan Ashaka: Bormin ma ai Malam Jibrilla Gaini ne ya yi ƙarfi a cikinta, ya yi ta gwabzawa da sarakunan Gombe, sai a 1902 Turawa suka kama shi suka kai Lakwaja. To waɗanda suka taru a can masu biyayya ne ko 'yan tawaye?

Malam Mai Almajirai: Ka iya bakinka, yaro. Inda Sarkin Musulmi ya faɗi ba a kiransa haka.

Lauyan Zaure: Don Allah ku bari in yi magana a kan gonar, don na ga an manta da ita. Alƙali ba zai tambayi Baffa hijira ce ko cin rani ba. Ko da jaki kakanku ya zo, in dai shi ya sari dajin da izinin mai gari ya raya shi, hujjarsa ɗaya da wanda ya zo da takobi. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, amma wanda ta tarar yana noma gonarsa a karkara ta bar shi a kan haƙƙinsa, kuma ƙaramar hukuma ke ba da takardar irin wannan gona. A fiƙihun Malikiyya kuma akwai hauzi: wanda ba dangi ba ya riƙe wuri shekara 10 yana aiki a ciki, mai da'awa yana gari yana gani bai ce komai ba, babu abin da ya hana shi magana, to da'awarsa ta faɗi. Amma hauzi ba ya aiki a kan aro, ko haya, ko jingina, komai daɗewa. Shi ya sa yaron ya zaɓi kalmar "aro", ba da ka ya faɗe ta ba. Ɗan Malam, tambaya ɗaya: akwai wani abu da gidanku ke kai wa gidansu duk kaka? Kuma su wane ne maƙwabtanku na iyaka ta kusurwa huɗu, akwai tsofaffi a cikinsu?

Hamman Dukku: Lauya, mu tarihi muke gyarawa.

'Yar Goggo: Salamu alaikum. Na karanta wa Goggo duk abin da aka rubuta, ita ce yayar Baffa, ta ce in rubuta muku haka. Ta ce ita kakarta ta riƙe ta, kuma abin da ta ji daga bakinta shi ne sun zo ne shekarar yunwar da ake kira Kakalaba, da jakuna biyu da yaro ɗaya a goye. Ta ce takobin gaskiya ne na Bormi ne, amma na mahaifin kishiyar kakarta ne, mutumin Misau, shi ya aurar wa kakanmu 'yarsa bayan ya zo, takobin ya shigo gidan ta hannunta. Ta ce sarar daji kam shi ya sara, har kura ta taɓa ɗauke masa akuya a wurin. Game da tambayar Lauya, ta ce tana yarinya duk kaka ana kai dami ɗaya na dawa gidan jauro, babansu yana ce masa gaisuwa, kuma an daina tun kafin a yi mata aure.

Ɗan Malam: Haba Goggo! Nan ne wurin wannan maganar? Mutum nawa ne a zauren nan?

Hamman Dukku: Allahu Akbar. Gaskiya daga cikin gida. Na ce cin rani aka ce na yi zagi.

Bakanon Tudun Wada: Yunwa ta ce, ba cin rani ba. Ɗan cin rani damina na faɗuwa yake komawa gida. Wanda ya zo da mata da goyo ya zo zama ne. Ko Hausar ma sai an koya maka?

Addar Kumo: Kuma jinin Bormi na jikinsu ta wajen uwa. Ko uwa ba ta cikin asali?

Ɗan Ashaka: Ta ce kishiyar kakarta fa, Adda. Su jikokin uwargida ne.

Malamin Tarihi: Damin nan kada a yi saurin yanke masa hukunci. A da ta hannun masu gari ake tara zakkar hatsi, kuma gaisuwar kaka al'ada ce ko ga wanda ya gaji gonarsa. Ɗan Malam, a duba adakar Baffa ko akwai tsofaffin rasit na haraji. A gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna akwai rahotannin da Turawan mulki suka rubuta lokacin ƙiyasta harajin gundumomi. Za ka ga sunan ƙauye da yawan masu biya da ƙabilunsu, amma da wuya ka ga sunan talaka ɗaya. Rasit ɗin gida ya fi kusa da kai.

Jikan Bolawa: Har yanzu ba a amsa mini ba, su wa aka tarar?

Mai Zaure: To jama'a, dare ya yi, zan rufe wannan batu. Ga abin da na fahimta. Malamin Tarihi ya tabbatar da cewa an yi hijira, an yi yaƙin Bormi, kuma waɗanda suka jikkata sun zauna a yankin, wanda ya yi daidai da abin da Ɗan Malam ya faɗa tun farko. Malam Mai Almajirai ya nuna ba wanda ke da ikon ƙaryata niyyar bawan Allah. Takobi na nan, kabari na nan. Maganar Goggo muna girmama ta, amma tsufa ya kama ta, kuma labarin ɗaki ba ya ture abin da maza suka gada baki da baki. Ni ma kakana daga Gaya ya zo a wancan ayari, na san yadda ake yi mana idan maganar fili ta taso. Hamman Dukku shi ya karkatar da zance da kalmar da ba ta dace ba, ya kamata ya ba Ɗan Malam haƙuri. Batun su wa aka tarar kuma ba na wannan zaure ba ne. Mafi rinjaye sun tafi a kan hijira ce.

Hamman Dukku: Wane rinjaye? Yaushe aka ƙirga? Ashe alƙalin ma ɗan ayari ne.

Lauyan Zaure: Ɗan Malam, har yanzu ba ka ba ni sunan maƙwabcin iyaka ko ɗaya ba. Yaushe ne zama na gaba?

Ɗan Malam: Alhamis bayan la'asar, a ƙofar hakimi. Zan kira ka.

'Yar Goggo: Goggo ta ce hankalinta garau yake, ta ce a gaya wa Mai Zaure haka. Kuma ta ce a tuna wa Baffa tsamiyar biyu ce a da, ta yamma iska ta kayar da ita shekarar da aka haifi babanka, Ɗan Malam, kututturenta shi ne iyaka. Ta ce tsohon da ke gonar kudu ya sani, da shi aka faskare ta, a je a ɗauko shi a mashin tun da safe don ba ya iya doguwar tafiya.