Neman shawara: ladubban tsayuwa a taron kiɗan rok da yadda mutum zai kare kansa

Mai tambaya, ɗalibi a Manchesta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a ƙasashen nan. Abokan karatuna sun sayo mini tikitin wani wasan kiɗan rok da za a yi a wani babban ɗakin taro a nan Manchesta cikin watan Nuwamba, kuma tikitin na tsayuwa ne a gaban dandamali, babu kujera. Ƙanwata da ke karatun jinya a nan ita ma za ta bi mu, nauyinta kuwa yana wuyana. Abin da na gani a bidiyo ya tayar mini da hankali, domin na ga samari suna bangazar juna a tsakiyar taro, ana ɗaga mutum sama ana miƙa shi a bisa kawunan jama'a, wasu kuma suna watsa abin sha. Ina so in san abin da ake ɗauka daidai a wurin da abin da ake ɗauka rashin ladabi, da kuma yadda zan kare kaina da ƙanwata. Maganar zuwa ko rashin zuwa mun riga mun gama ta a gida, saboda haka ina roƙon a tsaya a kan yadda za mu yi idan mun je.

Wani ɗan'uwa daga Leeds:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, bangazar da ka gani tana da wurinta, kuma tana da dokokinta, ko da yake babu wanda ya rubuta su a bango. Yawanci a tsakiya take tashi, 'yan takuna kaɗan daga shingen ƙarfen da ke gaban dandamali, kuma za ka ga alamarta kafin ta fara, domin jama'a za su ja da baya su bar fili kamar da'ira. Wanda ya shiga filin nan da ƙafarsa ya shiga, wanda ya tsaya a waje kuma ba a jawo shi. Babbar dokar wurin ita ce duk wanda ya faɗi, na kusa da shi su tsaya su ɗaga shi nan take, kuma na sha ganin ƙattin da ke bangazar juna sun daskare wuri ɗaya sun yi wa wanda ya faɗi zobe har ya miƙe. Haka kuma idan takalmin wani ko tabarau ko waya ta faɗi, wanda ya tsinta yana ɗaga ta sama ne har mai ita ya gani. Naushi da gwiwar hannu da kai wa mutum hari da gangan ba sa cikin wasan, mai yin haka jama'ar wurin ne da kansu suke tsawata masa kafin masu gadi su iso.

Idan ka samu kanka a bakin da'irar, aikinka shi ne ka tare wanda ya faɗo kanka da tafin hannu ka mayar da shi ciki a hankali, ba tare da ka ɗauka faɗa yake nema ba. Amma tun da kana tare da ƙanwarka kuma wannan ne karonku na farko, shawarata ita ce ku tsaya a gefe, ko kuma a baya kusa da teburin masu sarrafa sauti. A nan ne kiɗan ya fi fita daidai, kuma bangazar ba ta cika isa can ba.

Abu ɗaya da zan ƙara, saboda mun saba a gida mutum ya hau wajen mawaƙi ya yi masa liƙi: a nan kada ka kuskura ka tsallaka shinge ko ka hau dandamali, kuma kada ka jefa komai can ko da kyauta ce. Masu gadi fitar da kai za su yi, kuɗin tikitin kuma ya tafi.

Wani ɗan'uwa da ya taɓa aikin gadin wuraren taro a Landan:

Malam, duk abin da ɗan'uwanmu na Leeds ya faɗa gaskiya ne, sai dai ni abin da na fi so ka ji tsoro shi ne matsi. Bangaza tana barin mutum da ƙujewa ko targaɗe, matsi kuwa kisa yake yi, kuma yana yin sa ne a inda babu wanda ke nufin kowa da sharri. A ranar 3 ga Disamba, 1979, mutum 11 suka mutu a birnin Cincinnati na Amurka a ƙofar shiga wasan ƙungiyar The Who, domin tikitin ba shi da lambar kujera, kowa yana son ya riga kowa zuwa gaba, ƙofofin da aka buɗe kuma kaɗan ne. A shekarar 1988 mutum biyu suka mutu a filin Donington a nan Ingila, inda ruwan sama ya mayar da ƙasa taɓo. A shekarar 2000 kuma mutum tara suka mutu a bikin Roskilde na ƙasar Denmak lokacin da ƙungiyar Pearl Jam take kan dandamali, kuma bayan wannan ne aka koma raba gaban dandamali gida-gida da shingaye a manyan bukukuwa da yawa, domin kada nauyin dubban mutane ya taru a kan 'yan sahun gaba.

Mutane suna zaton tattakewa ce take kashewa, alhali mafi yawan waɗanda suke mutuwa a irin wannan yanayi numfashi ne yake gagararsu, wasunsu ma a tsaye, saboda an matse ƙirjinsu har ba ya iya buɗewa. Don haka ka lura da jikinka. Muddin kana iya ɗaga hannunka ka taɓa fuskarka, kana kuma iya juyawa yadda ka ga dama, to da sauran sarari. Da zarar ka ji ana taɓa ka ta kowane ɓangare, ko ka ji taron yana kwasarka gaba da baya ba da son ranka ba, lokacin fita ya yi, kada ka jira waƙar ta ƙare. Ka ɗaga hannuwanka biyu ka tare gaban ƙirjinka, ka kafa ƙafafunka sosai, kada ka yi kokawa da turin, ka bari ya lafa sannan ka zame ta gefe kaɗan-kaɗan. Kada ka sunkuya ɗaukar abin da ya faɗi ko da wayarka ce, kuma ka nisanci bango da ginshiƙi da shinge, domin su ba sa motsawa. Idan ka ga wani ya galabaita ko idonsa ya juya, ku da ke kusa ku ɗaga hannu kuna nuna shi har masu gadin gaba su gani, su aikinsu ke nan su ciro mutum ta saman shinge, kuma mawaƙa da yawa a yanzu suna tsayar da kiɗa idan sun ga haka.

Sannan da kun shiga, kafin a kashe fitilu, ku nemi ƙofar fita ta biyu wadda ba ita kuka shigo ta ba. A gobarar da ta tashi a wani gidan rawa mai suna The Station a jihar Rhode Island ta Amurka a watan Fabrairun 2003, inda tartsatsin wutar ado ya kama soson da aka lulluɓe bango da shi, mutum 100 ne suka rasu, kuma da yawansu sun cushe ne a ƙofar da suka shigo, alhali akwai wasu ƙofofin. Ba don in tsorata ka na kawo waɗannan ba, wuraren taro na Ingila suna da tsari sosai a yau, amma na fi son ka shiga da ilimin abin.

Wata 'yar'uwa daga Birmingham:

Yaya, bari in yi magana a kan ƙanwar taka. Ta sa rufaffen takalmi mai igiya wanda ba zai cire ba, ta ɗaura mayafinta ko hijabinta ta yadda ba zai yi reto ba, ta cusa jelarsa cikin riga, kuma ta guji allura mai tsini. Jaka ƙarama ta isa, domin manyan ɗakunan taro da yawa ba sa barin a shiga da jakar da ta wuce girman takardar A4, kuma ya kamata ku duba dokar wurin kafin ku fita daga gida. Ku tsayar da wurin haɗuwa idan kun rabu, saboda waya ba ta cika shiga ba idan jama'a sun yi yawa.

Maganar da ba a son faɗa kuma ita ce akwai mazan da suke fakewa da cunkoso su taɓa mata. Wannan laifi ne a dokar ƙasar nan, kuma masu zuwa irin wannan wasa da kansu suna ƙyamarsa. Idan ya faru, kada ta yi shiru don kunya, ta ɗaga murya ta nuna shi, ta kuma gaya wa mai gadi mafi kusa. Kai kuma ina roƙonka kada ka kai hannu, domin idan ka daki mutum kai za a fara fitarwa, ita kuma ta rage ita kaɗai a ciki. Wurare da yawa suna bin wani tsari inda mace za ta je wajen masu sayar da abin sha ta ce tana neman Angela, su kuma sun san ma'anarsa tana bukatar taimako, sai dai ba kowane ma'aikaci ne aka koya wa wannan ba, don haka faɗar abin kai tsaye ya fi.

Wani ɗan'uwa daga Jamus:

Ku sayi abin toshe kunne, ku biyun. Masana lafiyar ma'aikata sun ƙiyasta cewa kunne yana jure ƙara mai ƙarfin desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) na tsawon awa takwas, kuma duk ƙarin desibel uku yana rage wannan lokaci da rabi, ta yadda idan an kai desibel 100 abin da ya rage bai wuce minti 15 ba. Wasan rok kuwa yana kai wannan matsayi, yana ma wucewa a kusa da lasifika, kuma ana yin awa biyu ko uku ana yinsa. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar cewa matsakaicin ƙara a wuraren kiɗa kada ya wuce desibel 100. Ƙarar da mutum yake ji a kunnensa washegari alamar lahani ce, wani lokaci kuma ba ta tafiya. Akwai irin abin toshe kunnen da aka yi domin masu kiɗa, yana rage ƙarfin sauti ba tare da ya dusashe shi ba, kuma babu wanda zai yi muku kallon ƙauyawa, makaɗan da kansu da shi suke hawa dandamali.

Mai tambaya:

Allah ya saka muku da alheri. Saura abu biyu. Ina so in ɗauki bidiyo in aika wa abokaina, shin hakan ya saɓa wa ladabi? Sannan yaya zan yi da abin shan da ake watsawa, tun da na san yawancinsa giya ce?

Ɗan'uwa daga Leeds:

A ganina ka ɗauki hoto ɗaya ko biyu da gajeren bidiyo, ka kashe fitilar wayar, kada ka ɗaga ta sama da kanka, sannan ka mayar da ita aljihu. Wanda ke bayanka ya biya kuɗi ne ya ga mawaƙi, wayarka kuma tana tare masa. Akwai ma mawaƙan da suka hana waya gaba ɗaya, irin su Jack White wanda a shekarar 2018 aka riƙa kulle wayoyin masu sauraronsa a cikin wata 'yar jaka har a tashi. Cikin abubuwan da suke ɓata wa mutane rai har da hira da ƙarfi lokacin waƙa mai sanyi, da kutsawa gaba bayan wasu sun yi awanni a tsaye suna riƙe da wurinsu, da dogon mutum ya zo daga baya ya tsaya a gaban gajere. Mawaƙan share fage ma a ba su haƙƙinsu, a saurare su a tafa musu ko ba a san su ba.

'Yar'uwa daga Birmingham:

Ni ban tsananta a kan waya kamar yadda ɗan'uwanmu na Leeds ya tsananta ba. Mutumin da wataƙila wannan ne kaɗai zuwansa yana da damar ya ɗauki waƙa guda cikakkiya, muddin ya tsaya a gefe inda ba ya tare kowa, kuma bai ɗauki fuskokin mutanen da ba su yarda ba ya watsa a intanet. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi damuna, musamman a kan mata.

Ɗan'uwa mai aikin gadi:

Game da giya, a tsakiya da gaba ake jefa kofunan roba, yawanci a farkon fitowar mawaƙa ko a kan waƙar da aka fi so, kuma masu zuwa da yawa su ma ba sa son ɗabi'ar. Idan kun tsaya a gefe ko a baya da wuya ta same ku, amma ka tafi da tufar da ba za ka yi sallah da ita ba sai an wanke. Babu wanda zai matsa maka ka sha, ka ce ba ka sha kawai, kuma a Ingila doka ta wajabta wa duk wurin da ke sayar da giya ya ba da ruwan famfo kyauta ga wanda ya nema, don haka ku riƙa shan ruwa saboda zafin cikin ɗakin yana kayar da mutane. Kada ƙanwarka ta karɓi abin sha daga hannun wanda ba ta sani ba, kada kuma ta ajiye nata ta dawo ta sha. A Nuwamba magariba tana yi a Manchesta tun wajen ƙarfe huɗu da 'yan mintuna, isha'i ma tana shiga kafin a buɗe ƙofa, saboda haka ku yi sallolinku kafin ku tafi, domin yawancin wuraren nan idan ka fita ba a barin ka ka koma. Ana tashi ne wajen ƙarfe 11 na dare, kuma idan mawaƙan sun sauka karon farko kada ku ruga ƙofa, sukan dawo su ƙara waƙa biyu ko uku. Idan an kunna fitilun ɗakin gaba ɗaya, ku dakata minti goma jama'a su ragu sannan ku fita, kuma ku duba lokacin jirgin ƙasa ko motar ƙarshe tun da rana.