Magungunan Baba ne ke taɓa masa ƙoda?

Maman Sadik: Assalamu alaikum jama'a dan Allah ku bani shawara. Babanmu ne ya samu shanyewar ɓarin jiki wata 4 kenan, har yanzu ni nake ɗaga masa hannun hagu in zura masa riga, yayanmu kuwa sai dai waya, kullum wai aiki. An ɗora shi kan lisinopril na hawan jini da aspirin ɗan 75 da Lasix saboda kumburin ƙafa, jiya akai gwajin jini likita yace creatinine (abin da ake auna aikin ƙoda da shi) ya hau, mu dawo bayan sati 2. Wlh ban runtsa ba. In tsayar da su ne?

Ummu Hanan: Allah ya ba shi lafiya. Nima haka na yi jinyar surukata shekara 2 ko sannu 'ya'yanta ba su ce min ba. Ki rage masa na hawan jinin, su ke kashe ƙoda.

Baban Nana: Kul! Hawan jinin da aka bari shi ke cinye ƙoda kuma shi zai dawo da shanyewar. Lisinopril in an fara shi creatinine yakan ɗan hau, in bai wuce kashi 30 ba galibi ba a cire shi, bibiya ake. 'Yar'uwa me kike ba shi na ciwon jiki?

Maman Sadik: Diclofenac ne kawai in kafaɗar ta tashi.

Baban Nana: Yauwa, ga inda gizo ke saƙar. Lasix na janye ruwa, diclofenac na rage jinin da ke shiga ƙoda, lisinopril na sassauta ƙarfin tacewa, in ukun suka haɗu ƙoda ba ta da mafita, balle in yana zawo ko amai. Ga aspirin, haɗa shi da diclofenac na jawo zubar jini a ciki. Likitan ya sani?

Maman Sadik: Ai bai tambaya ba. Malam ba ka ga yadda yake cije leɓe da dare yana kama zanin gado ba, paracetamol ba ya masa komai, kuma ba kullum bane fa.

Ummu Hanan: Rabu da su, wanda bai yi jinya ba bai sani ba.

Baban Nana: Ki ajiye diclofenac ɗin, ki kwashi kwalayen duka ki koma wurin likita gobe, kar ki jira sati 2, a duba har sinadarin potassium na jini.

Maman Sadik: Toh bari in ji me Yaya zai ce.