Don Allah ku taya ni lissafin kitsen da ke bayan fakiti

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Likita ya ce maigidana ya rage maiƙo, kada kitse ya wuce kashi 30 cikin ɗari na kalorin da yake ci a rana, wato awon ƙarfin da abinci ke ba jiki. Tun ranar nake juya bayan kowane fakiti ina karantawa, amma kaina ya ɗaure. Ga wani biskit a hannuna: an rubuta ci ɗaya giram 30, kalori 150, kitse giram 7, sai kuma 9% a gefen kitsen. Wannan 9% ɗin ne kason da likita yake nufi? Ina tsoron in riƙa ba shi abin da zai cutar da shi, ni ina ganin gata nake masa.

Anti Rakiya:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. A'a ƙanwata, ba shi ba ne, kuma nan mutane da yawa suke rikicewa. Wancan 9% yana gaya miki ne yawan abin da ci ɗaya ya ɗauke daga kitsen yini guda na mai cin kalori 2,000. Naki lissafin daban ne. Kowane giram ɗaya na kitse kalori 9 ne, alhali sitaci, sukari da furotin kalori 4 ne kowanne. To ki ninka 7 sau 9, ya ba ki 63. Raba 63 da 150, kin sami 0.42. Wato kashi 42 cikin ɗari na kalorin biskit ɗin daga kitse suke fitowa.

Maman Hanifa:
Subhanallah, 42! Ni da nake murna da 9. Kenan in daina sayensa gaba ɗaya, Anti?

Anti Rakiya:
Kada ki yi saurin yanke hukunci. Kashi 30 ɗin, wanda shi ne ma shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, na abincin yini ne gaba ɗaya, ba na kowane fakiti ba. Man girki ai kusan duk kalorinsa kitse ne, kuma ba a ce a daina girki da shi ba. Abin da ya fi sauƙi, ki mayar da shi giram. In kalori 2,000 yake ci, kashi 30 ya zama 600, ki raba da 9, kusan giram 67 kenan a rana. Sai ki riƙa tarawa. Ki tambayi likitan nawa ne kalorin da ya dace da shi, don ba kowa ne 2,000 ba.

Baban Sadik:
Hajiya, ki kuma lura da awon ci ɗaya. Wata sa'a fakiti ɗaya ci uku ne ko huɗu, mutum ya cinye a zama guda. Kason yana nan a 42, amma giram 7 ya koma 21 ko 28. Ni a nan na daɗe ina kuskure.

Yaya Bilki:
Sai abin da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a gaba. Madarar da aka ce kitsenta 2% ne, nauyi ake nufi, kuma yawancin nauyin madara ruwa ne. Kofi ɗaya yana da kitse kusan giram 5 da kalori wajen 120, kin ga sama da kashi ɗaya cikin uku na kalorinta kitse ne. Sannan ki duba layin da ke ƙarƙashin jimlar kitse, na daskararren kitse, wanda ake rubutawa "saturated fat" da Turanci. Shi ake so ya gaza kashi 10 na kalorin yini, don shi ne yake ɗaga mugun kolastarol a jini.

Maman Hanifa:
Allah ya saka muku da alheri. Na duba, daskararren giram 3 ne, kuma fakitin ci huɗu ne. Daga yau zan riƙa rubuta giram ɗin a littafi, in kai wa likita ranar da za mu koma.