Rufin MX-5 na yoyo, ruwa na taruwa bayan kujera: daga ina zan fara?

Direban Asabar:

Assalamu alaikum. Masana mota, shawara nake nema. Mazda MX-5 ce ta 2001, wadda ake kira NB, shigowar Amurka, mai rufin leda da ake naɗewa da hannu, tagar bayanta kuma gilashi ce ba roba ba. Tun da damina ta kankama, duk ruwan da aka yi sai kafet ɗin bayan kujerar direba ya jiƙe sharkaf, wani lokaci har cikin but. Akwai kuma ɗigo kaɗan daga saman gilashin ƙofa, daidai kusurwar da rufin ya haɗu da gilashin gaba. Na duba ledar ciki da waje ban ga yagewa ba. Wani ya ce a bi duk ɗinkin da silikon, wani kuma ya ce rufin ya gama aiki, a sayo sabo kawai. Kafin in kashe kuɗi, me ya kamata in fara dubawa?

Tsohon Bakanike:

Wa alaikumus salam. Malam, ajiye silikon ɗin nan tukuna, kuɗin sabon rufi ma bar shi a aljihu. Yadda ka kwatanta, da wuya ledar ce mai laifi.

Irin wannan rufi da gangan aka bar wa ruwa hanya a bayansa. Ruwan da ya gangaro yana shigewa tsakanin leda da jikin mota, sai ya faɗa wata kwata ta roba mai tauri da ta zagaye gindin rufin kamar kofaton doki. Kwatar ce ke kai shi ramuka biyu, ɗaya hagu ɗaya dama, daga kowane rami kuma bututu ya sauka ya fito ƙarƙashin mota, gaban tayar baya. Aikin indararo suke yi. Ƙurar hunturu da ganyen darbejiya sukan taru a bututun tun rani, ruwan farko ya mayar da su laka, shi ke nan ya toshe. Ramin ya cika ya tumbatsa, ruwa ya bi bayan kujera ko ya gangara but.

Rufe rufin, ka tura kujera gaba, ka leƙa da tocila kusa da inda bel ɗin kujera yake fitowa. Ɗaga bakin kafet ɗin wurin, za ka ga rami da bai fi yatsa faɗi ba. Fara tsince dattin bakinsa da hannu, kada ka tura shi ciki. Sannan zuba ruwa rabin lita a hankali, wani ya tsuguna yana kallon gaban tayar baya. Bututu mai lafiya nan take yake zubar da shi yuuu. In ɗis-ɗis yake fita, ko ma shiru, ka sami ɓarawonka.

Wajen buɗewa, abin da aka fi amfani da shi burushi ne mai dogon jiki mai lanƙwasa, wanda asali don wanke cikin ƙahon busa na trombone aka yi shi. In babu, kwanson wayar birkin keke kamar mita ɗaya zai yi, ka naɗe bakinsa da salatif don kada ya yi kaifi. Akwai wani ɗan murfin roba a cikin bututun wanda ƙasa kaɗai yake buɗewa, yana hana ƙura da ƙarar titi shigowa. Don haka daga sama ake turawa, a zare ta ƙasa. In ka tura rabi ka fizgo sama, kana iya juya murfin ko ka tsinke shi ya maƙale a ciki. Bayan nan bi shi da ruwan ɗumi lita biyu har ya riƙa fita fes. Ka yi wa ɓangaren daman ma, ko da bai nuna alama ba.

Mai Kushin:

Abin da Oga ya faɗa shi ne farko. Ni kan ɗigon gaban zan yi magana, don matsalarsa daban ce.

Kada a yi ta canki-canka. Mutum ɗaya ya zauna ciki da tocila, ɗaya a waje da tiyo ba tare da matse bakinsa ba, ruwa na zuba kamar na sama. A fara daga ƙasa a hau sama, kowane wuri minti biyu zuwa uku. In ka fara daga sama, ko'ina zai jiƙe ba ka san ta inda ya shiga ba. Ka tuna inda ruwa ya ɗigo ba lallai nan ya shigo ba, yakan bi ƙarfen rufi ya yi tafiya.

Robar da ke saman gilashin ƙofa gida uku ce a kowane ɓangare, kowace tana zaune cikin ɗan titin ƙarfe da aka ɗaure da ƙananan sukurori. Gwada ta da takardar kuɗi: sa takardar tsakanin gilashi da roba, rufe ƙofa, ja. Inda ta riƙe, lafiya. Inda ta zame salin-alin, nan giɓin yake. Zare robar wurin, sassauta sukurorin titin, matso da shi waje milimita ɗaya ko biyu, ɗaure, mayar da roba, sake gwadawa. Kada ka wuce gona da iri, in roba ta fito da yawa gilashin zai riƙa hawa kanta yana naɗe ta.

A kusurwar da ka ambata, robar da ta zagaye gilashin gaba tana da ɗan aljihu mai rami, ruwa na bi ta cikinta ya sauka ta gefen ƙofa. Shi ma yana toshewa. Buɗe rufin, zuba ruwa da sirinji ka ga ko yana wucewa.

Sai makullan rufin guda biyu. In suna rufuwa ba tare da ka ɗan sa ƙarfi ba, sun saki, rufin ba ya danne robar gaba. Kowanne yana da noti na daidaitawa a ƙarƙashin ɗan murfin roba. Juya rabin zagaye, rufe, gwada, kuma abin da ka yi wa hagu ka yi wa dama. In ka matse fiye da kima, robar ce za ta baje ta mutu da wuri. Duba kuma siririyar wayar ƙarfe da ke cikin gefen ledar, saman tagar ƙofa. In ta tsinke, gefen rufin yakan ɗage ya bar roba a buɗe.

Robobin nan na wani nau'in roba ne da ake kira EPDM, ba sa shiri da duk abin da aka yi da man fetur. Basilin, baƙin mai da giris ɗin inji suna kumbura su su lalata su. Wanke su da ruwan sabulu, su bushe, ka shafa giris ɗin silikon irin Shin-Etsu ko man kula da roba irin Gummi Pflege, shafa kaɗan, ka goge ragowar. Ka lura, giris ɗin silikon daban, gam ɗin silikon na banɗaki daban. Na biyun ba ya kama leda da kyau, yana ɓarewa da zarar an naɗe rufin sau biyu uku, kuma inda ya taɓa babu gam ɗin da zai sake kamawa sai an sha wahalar kankarewa. Mai warin tsami ɗin nan har tsatsa yake jawo wa ƙarfe.

In gwajin tiyo ya nuna ɗinki ne ke tsiyaya, gam ɗin ɗinki na foliyuretan ake sa wa, irin Seam Grip ko Stormsure, daga ciki, siririn layi, bayan an goge wurin da sifirit. A bar shi awa 12 rufin na rufe. Ƙaramar yagewa kuma faci ake yi mata daga ciki, facin ya zarce yagewar da santimita 3 ta kowane gefe, a yanke kusurwoyinsa su yi zagaye don kada su ɗago. Na leda Tear-Aid nau'in B, na yadi nau'in A. Maganin hana ruwa da ake shafa wa rufin yadi, irin su Renovo da 303 Fabric Guard, ba na motarka ba ne, leda ba ta shan sa. Ko a rufin yadin ma, shimfiɗar roba da ke tsakiya ce ke tare ruwa, maganin saman yana hana yadin jiƙewa ne kawai.

Fanal Bita:

Yallaɓai, ƙari biyu. Za a ce maka ka je wurin mai faci a hura bututun da iska. Kada ka yarda. Iska mai ƙarfi na iya cire bututun daga mazauninsa, daga nan ruwa kai tsaye zai riƙa zuba cikin jikin mota inda ido ba ya gani. Wayar ƙarfe mai tsini ma haka, huda shi take yi.

Na biyu, busar da motar. Ƙarƙashin kafet akwai soso mai kauri da ke riƙe ruwa makonni ko da saman ya bushe. Kwance kujerar, notuna huɗu ne masu lamba 14, ɗaga kafet ɗin, tokare shi da katako, a bar motar a rana ƙofofi buɗe. A but, ciro jak ka duba raminsa, ka duba gindin batir a ɓangaren dama, nan ruwa ke kwanciya. Sannan kwanta ka kalli dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofa. A bakinsa na ƙasa, kusa da inda ake kafa jak, akwai 'yan tsagogi na fitar ruwa, buɗe su da siririn sukurdireba. MX-5 ta yi suna wajen cin tsatsa a wannan wuri, gaban tayar baya, kuma daga ciki take farawa. Ranar da ka ga fenti ya yi ƙuraje a nan, aikin walda ne ya same ka.

Direban Asabar:

Allah ya saka da alheri. Bututun hagu a toshe yake, laka ce ta fito baƙa ƙirin, yanzu yana zubarwa. Ɗigon gaba ya tsaya bayan na ƙara wa makullan rabin zagaye. Saura abu ɗaya: in aka riƙe tiyo a kusurwar baya ta hagu, ruwa na sauka cikin but har yanzu.

Tsohon Bakanike:

Madalla. Kafin ka zargi kwatar, cire shimfiɗar cikin but ka kalli bayan fitilun baya da gindin eriya yayin da ake zuba ruwa, don soson da ke bayan fitila yakan mutu da shekaru. In nan a bushe yake kuma ruwan daga gaba yake gangarowa, ta ƙarƙashin gindin rufi, to kwatar ce ta tsage. Roba ce da ta haura shekara ashirin tana shan zafi, a kusurwa ko wajen ramukan noti take fara fashewa. Masu sayar da kaya ren-rel suke ce mata, ana samunta ita kaɗai ba sai da rufi ba.

Cire kafet ɗin bayan kujeru, za ka ga faifan ƙarfe uku da notuna 13 masu lamba 10 suka danne. Kwance su, ka zare gindin ledar tare da kwatar daga kan ƙusoshin. Ta asali da ribit aka haɗa ta da leda, sai an huda ribit ɗin a hankali. Faci da salatif ba ya daɗewa a nan, sabuwa ake sawa. In ta zo a naɗe, shanya ta a rana ta yi laushi kafin ka lanƙwasa ta, in ba haka ba a hannunka za ta karye.

Wajen mayarwa wuri biyu ake kuskure. Leɓen kwatar na waje dole ya shige ƙarƙashin robar da ke bakin jikin mota, yadda ruwa zai faɗa cikinta, ba bayanta ba. Bakunanta biyu kuma su sauka daidai kan ramukan bututu. Ɗaura duk notunan da hannu tukuna, makullan gaba a sake, sannan ka bi su kaɗan-kaɗan da ƙaramar sifana. Ƙusoshin sirara ne, ƙarfi kaɗan ke tsinke su. Kafin ka mayar da kafet, sake gwajin tiyo minti biyar a kowace kusurwa, kana ciki da tocila.