Shin zuwan mishan alheri ne zalla ga gidan Shipibo?

Kawu Fasto: Salama gare ku 'yan uwa. Jiya a taron addu'a an ba mu labarin aikin bishara a tsakanin Shipibo, mutanen bakin kogin Ukayali a gabashin ƙasar Peru, kuma har yanzu abin na raina. Mutane ne dubu talatin da 'yan kai, masunta ne, manoman ayaba da rogo. Abin da na faɗa a can shi zan maimaita a nan: ba abin da ya taɓa samun iyalin Shipibo da ya kai zuwan masu bishara alheri. A da ana yi wa 'yan mata kaciya a babban bikinsu da ake kira Ani Sheati. Ana ɗaure wa jariri katako a goshi don kan ya baje. A wurin shan giyar rogo namiji kan tsaga ƙeyar ɗan'uwansa da 'yar wuƙa in yana zarginsa da matarsa. Yau duk an bari. Suna karatu da harshensu, Sabon Alkawari ya fito da Shipibo a 1983. Mai ja, ga fili ga mai doki.

Baffa Malam: Amin, Fasto. Ina da ja, amma fara gaya mini wane zuwan kake nufi, don ba sau ɗaya aka zo musu ba. Fadan Katolika sun shiga Ukayali tun ƙarni na 17. A 1695 Konibo, 'yan uwan Shipibo da yau ake ƙirga su al'umma ɗaya, suka kashe Fada Enrique Richter. A 1766 wani jagora mai suna Runcato ya haɗa kan ƙabilun kogin, aka kashe fadan ɗariƙar Waliyyi Faransis da ke yankin, aikin ya tsaya cak, sai wajen 1790 suka dawo suka kafa tashar Sarayaku. Mutane ba sa ɗaukar makami a kan wanda ya zo musu da alheri zalla. Abin da ke jawo su tashar mishan gatari ne da adda da ƙugiyar kifi, don ba su da ƙarfe. In sun taru wuri guda kuma sai agana da ƙyanda su shiga, gida ya wayi gari ba yara.

Kawu Fasto: Yaya, ba su nake nufi ba. Ina maganar masu bishara na ƙarni na 20, waɗanda suka zauna a bakin tafkin Yarinakoca kusa da birnin Pukalpa.

Baffa Malam: To ka rage faɗin maganar. Ka ce "babu abin da ya taɓa", alhali shekara ɗari uku na farkon haɗuwarsu da mishan da akwai jini a ciki.

Auta: Baffa, Kawu, ku ba ni dama in sa baki, don wannan ya taɓa karatuna na harsuna. Waɗanda Kawu ke nufi ƙungiyar SIL ce, cibiyar nazarin harsuna ta William Cameron Townsend. Sun shigo Peru a 1946 bisa yarjejeniya da ma'aikatar ilimi ta ƙasar. Ga gwamnati masana harshe ne, ga ikilisiyoyin Amurka da ke biyan kuɗin kuma masu fassara Littafi Mai Tsarki ne, kuma duka biyun gaskiya ne. A 1953 aka fara horar da malaman makaranta 'yan ƙabilu a Yarinakoca, yaro ya fara karatu da harshen uwarsa sannan ya shiga Sifaniyanci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mu Hausawa muna da ajami tun kafin Dokta Miller ya sauka Zariya, su kuwa ba su da harafi ko ɗaya. Ƙamus ɗin Shipibo da Sifaniyanci na 1993 ma daga hannun mutanen SIL ya fito. A nan ina bayan Kawu.

Yaya Ungozoma: Ni kuwa a kan kaciya nake bayansa, ɗari bisa ɗari. Na karɓi haihuwar matan da aka yanka suna yara, na ga abin da tabon ke yi a lokacin naƙuda. Duk wanda ya taimaka aka daina yanka yarinya, ko fasto ne ko malami ko ɗan sanda, Allah ya saka masa. Amma Kawu, akwai abin da ba a karanta muku ba jiya, kuma shi ya fi tsaya mini.

Gidan Shipibo ba irin namu ba ne. A can ba a kai amarya. Ango ne ke tattara kayansa ya tare a gidan surukai, ya yi musu su da noma. Mace tana nan kusa da uwarta da 'yan uwanta mata har ta tsufa. In namiji ya ƙara aure, sau da yawa ƙanwar matarsa yake aura, a cikin gidan nan dai. Masu bishara sun yi wa'azi sosai a kan auren mace fiye da ɗaya, makaranta da cuɗanya da mutanen birni suka ƙara, al'adar ta yi ta ja da baya.

To wani likita ɗan Amurka, Warren Hern, ya fara zuwa wurinsu a 1964, ya yi ta komawa shekara da shekaru yana ƙirga haihuwa gida-gida. A 1983 zuwa 1984 ya bi ƙauyuka takwas. Abin da ya samu shi ne matar da ke da abokiyar zama tazarar haihuwarta ta fi tsawo, yawan haihuwarta kuma ya fi ƙanƙanta. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wadda ta yi jego. A al'adarsu mai shayarwa tana ƙaurace wa shimfiɗar miji na tsawon lokaci, kuma hakan ya fi yiwuwa in akwai wata matar. Da aka koma mace ɗaya, ƙauracewar ta gajarce, sai kwanika: ga goyo, ga ciki, ga wanda aka yaye bai gama ƙwari ba. Jikin mace ne ya biya kuɗin wannan gyaran. Ban ce a dawo da tsohon tsari ba. Na ce wanda ya cire ginshiƙi a ɗaki, wajibinsa ne ya kafa wani kafin ya saki hannu.

Gwaggo: 'Yata, na ji bayaninki, kuma ban ƙaryata likitan ba. Amma shi haihuwa ya ƙirga, bai ƙirga hawaye ba. Shekara goma sha ɗaya na yi da kishiya kafin Allah ya yi wa maigidan rasuwa. Tazarar 'ya'yana ta yi kyau, kowa ya shekara biyu a nono. Amma na san daren da na kwana ido biyu. Ki ce kuma wai ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya ke ɗakin can? Wannan ya fi ciwo. Wanda ya ce wa matan nan kowacce ta cancanci miji nata ita kaɗai bai zalunce su ba.

Baffa Malam: Haɗa ya da ƙanwa a aure lokaci guda mu ma haramun ne a wurinmu, Alƙur'ani ya hana a fili a cikin Suratun Nisa'i. Don haka kada a ɗauka al'adar nake karewa. Da malaman Musulunci ne suka isa can, da su ma sun hana, da kuma tambayar ungozoma ta hau kansu. Abin da nake so a gane, Gwaggo, shi ne ciwon da kika ji a gidan miji kika ji shi, ke baƙuwa, dangin miji kewaye da ke. Ita Bashipiba tana tsakar gidan uwarta. Namijin ne baƙo. In ya ɓata mata rai, surukai na kallonsa. Ba za mu auna gidansu da mudun gidanmu ba.

Gwaggo: Zuciyar mace ɗaya ce, Malam, ko a Zariya ko a Peru.

Yaya Ungozoma: Gwaggo, ba na musu da zuciya. Mahaifa nake magana, ita ma ɗaya ce ko'ina. Mace ta haihu takwas, tara, kusa da kusa, a ƙauyen da sai an yi yini a kwalekwale kafin a ga asibiti, jini ya ɓalle mata, wa zai tsayar?

Kawu Fasto: Ai su ɗin dai ne suka kawo magani da jirgi. Sashen jiragen sama na mishan, JAARS, a Peru aka fara shi a 1948, ƙananan jirage masu sauka a kan ruwa, da rediyon kiran taimako. Mutum nawa aka ɗauko daga daji aka kai asibiti? Kuma ku tuna yara sun daina mutuwa kamar da, shi ma ya ƙara yawan da likitan ya ƙirga. Sannan ina so a yi wa masu bisharar nan adalci. Ba 'yan yawon buɗe ido ba ne. Da matansu da 'ya'yansu suka tare, suka haihu a can, suka yi zazzaɓi a can, wasu suka binne nasu a can. A watan Afrilu na 2001 jirgin yaƙin Peru ya harbo jirgin wata mishan a yankin Ikitos bisa zaton na masu fataucin hodar iblis ne. Veronica Bowers da jaririyarta 'yar wata bakwai suka mutu, mijinta da ɗansu suna cikin jirgin suna gani. Ba a tsakanin Shipibo suke aiki ba, amma dajin ɗaya ne, rayuwar ɗaya ce.

Baffa Malam: Allah ya ba iyalanta haƙuri. Ban taɓa shakkar niyyarsu ba, Fasto, kuma wanda ya bar ƙasarsa da jariri a hannu don abin da ya yi imani da shi ina ganin girmansa. Sai dai kyakkyawar niyya ba ta hana ɓarna. A 1971 masana al'adu suka taru a Barbados suka fitar da sanarwa cewa ya kamata a dakatar da aikin mishan a tsakanin 'yan asalin Kudancin Amurka. Majalisar Ikilisiyoyi ta Duniya na cikin waɗanda suka ɗauki nauyin taron. Daga cikin gida aka fara tambayar, ba daga bakina ba.

Auta: Abin da ke damuna da maganarku duka biyu shi ne kamar Shipibo gumaka ne, wani ya zo ya gyara su ko ya fasa su. Kaciyar nan tsofaffin mata ne ke yin ta, kuma iyaye mata ne suka daina miƙa 'ya'yansu. Ba baƙon da zai iya tsare kowace bukka a kogin da ya fi kilomita dubu. Kuma ba mishan kaɗai suka shigo ba. Zamanin cinikin roba, daga wajen 1880, ya tarwatsa gidaje da bashi da aikin tilas. A 1943 hanyar mota daga Lima ta iso Pukalpa, sai masu yankan katako da 'yan kasuwa suka kwararo. Makarantar mishan ta sa iyalai da ke warwatse suka taru ƙauye guda don yara su yi karatu, gaskiya ne. Amma waɗanda suka koyi rubutu a makarantun nan su ne suka iya cike takardun mallakar fili bayan dokar 1974 kan filayen al'ummomin 'yan asalin ƙasar, kuma a 1981 suka kafa ƙungiyar al'ummomin Ukayali, FECONAU, don kare ƙasarsu. An koya musu karatu don Littafi, suka karanta har da dokar ƙasa.

Ga kuma abin da suka ƙi saki. Zanen nan nasu da ake kira kene, wanda mata ke yi a jikin tukwane da zannuwa, uwa na koya wa 'ya, yana nan, har gwamnatin Peru ta sa shi cikin gadon al'adun ƙasa a 2008. Masu maganinsu, onanya, suna nan da waƙoƙinsu duk da wa'azin da aka yi a kansu. A gida ɗaya za ka samu mai zuwa majami'a ranar Lahadi da mai zuwa wurin onanya in yaro ya kwanta, wani lokaci mutum ɗaya ne.

Kawu Fasto: Wannan na ƙarshen shi ne baƙin cikina, Auta, ba abin alfahari ba. Mutum ba ya bauta wa iyayengiji biyu. Kuma ka dubi abin da sha'awar Turawa ga ayawaska, jiƙon tsirran daji mai sa gane-gane da onanya ke aiki da shi, ta jawo. A Afrilun 2018 aka harbe Olivia Arévalo, tsohuwa mai shekara 81, babbar mai magani, a ƙauyensu kusa da Yarinakoca, mutanen gari kuma suka kashe ɗan Kanada da ake zargi, wanda maganin nan ne ya kawo shi. Ba ɗan mishan ne ya jawo wannan ba.

Baffa Malam: Ba shi ba ne, na yarda. Baƙi kala-kala ne ke hawa kogin nan, kowa da abin da yake nema.

Yaya Ungozoma: Kawu, ba ka amsa mini ba. Ka yi maganar jirgi da magani, na karɓa. Tambayata ita ce, wanda ya tsaya a bagadi ya ce mace ɗaya, ya kuma tsaya ya ce wa maza su bar mai jego ta huta shekara biyu? Kuma yau a Lima, a unguwar Kantagayo inda Shipibo suka tare tun wajen 2000, wadda gobara ta cinye a Nuwamban 2016, da yawan gidajen da allurar mata suke ci, su ke ɗinka kene su fita talla. Matar da ke da ciki da goyo kowace shekara yaushe za ta zauna ta yi ɗinkin?

Kawu Fasto: Kin kama ni a nan, 'yata. Ni kaina shekara ashirin da shida ina ɗaura aure, ina karanta wa ma'aurata cewa su biyu sun zama jiki ɗaya, ban taɓa buɗe baki na yi maganar hutun mai shayarwa ba. Kunya ke hana ni. Kalmar "babu abin da ya taɓa" na janye ta saboda tarihin da Yaya Malam ya kawo. Amma cewa yarinyar Shipibo ta yau ta fi kakarta aminci a jikinta, kuma bishara na da hannu a ciki, wannan ban janye ba. In kin yarda, ki zo ranar Asabar ki yi wa zumuntar mata bayanin tazarar nan.

Yaya Ungozoma: Zan zo, Kawu, amma da sharaɗi. Matan sun riga sun sani, a jikinsu abin yake. Ka tara mini mazan.

Gwaggo: In za a tara su a sanar da ni, in zo da kujerata in zauna a gaba. Akwai abin da zan faɗa musu a kan kishiya wanda likitan can bai rubuta ba.