Nunin aikin dukawa a lokacin hunturu: ina neman shawara

Mai kula da kayan tarihi:
Assalamu alaikum. Ina aiki a wani ƙaramin gidan adana kayan tarihi a nan Sakkwato, kuma an ɗora mini nauyin shirya nunin aikin dukawa daga Disamba zuwa Fabrairu. Yawancin kayan aro ne daga gidajen mutane: gafakar littattafai, layu, kuben takobi, da wani sirdi da mai shi ya ce na kakansa ne. Ina tsoron hunturu ya tsattsage mini fatar, sannan na rasa yadda zan jera su, ko bisa tsufansu ko bisa amfaninsu.

Tsohon ma'aikaci:
Wa'alaikumus salam, ɗana. Saurin canjin yanayi ya fi bushewar kanta yi wa tsohuwar fata illa, domin gafakar da ta shekara hamsin a cikin adaka ba za ta jure iskar zaure ta kwana uku ba. Gidajen tarihi suna ƙoƙarin riƙe danshin iska tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari, mu kuwa a hunturu yakan faɗi ƙasa da 20, saboda haka ka sa kayan a akwatin gilashi mai rufuwa sosai, nesa da taga, domin rana tana cinye jan rinin karan dafi da ke jikin fata. Kada ka bari a shafa musu man shanu ko man gyaɗa. Suna jawo ƙura da ƙwari. Kafin ka karɓi kowane abu, ka ɗauki hoton duk wata tsagar da ke jikinsa a gaban mai shi, ku sa hannu a takarda. Na taɓa karɓar kube da baki kawai, kuma har na bar aiki ana cewa ni na fasa shi.

Ɗan dukawa:
Ranka ya daɗe, idan ka jera bisa tsufa, mai kallo zai ɗauka sana'ar ta mutu, alhali muna nan muna yi. Ka fara da ɗanyar fatar jar akuya, sai bagaruwar da majema suke jima da ita, sai rini, sai basilla da ɗinki, sannan gafakar ta zo a ƙarshe. A nan ne za ka bayyana cewa fatar da Turawa suka riƙa kira ta Maroko, da yawanta daga ƙasar nan ayari yake ƙetara Sahara da ita. Layun kuma kada a buɗe su, ko da wani mai bincike ya roƙa.

Malamar firamare:
Malam, a rubuta bayanin da Hausar boko da ajami, kuma a sauko da allunan ƙasa kaɗan saboda yara.

Mai kula da kayan tarihi:
Na gode, Baba, na gode muku duka. Zan bi jerin ɗan dukawa. Sirdin dai ya fi ƙarfin akwatunanmu, don haka gobe zan koma wurin mai shi in ji ko zai yarda a nuna shi mako biyu kacal.